Yadda ake jam'in kalmomin Turanci irin su Attorney General da Governor-elect, daki-daki

Assalamu alaikum jama'a. Tambayar nan dai ta ƙi ƙarewa, kusan duk sati sai wani ya tare ni da ita, ko ɗalibin da ke shirin WAEC ko JAMB, ko ma'aikacin ofis da oga ya ce ya buga takardar gayyata, kai har wani abokina mai aikin fassara ya taɓa kirana da daddare a kanta. Tambayar ita ce, idan kana rubutu da Turanci ka zo kan kalma irin Attorney General ko Director-General ko Governor-elect, kuma mutanen sun fi ɗaya, a ina zaka liƙa harafin s ɗin nan na jam'i? A ƙarshe yanda muka saba da boy da boys, ko kuwa a tsakiya?

Abun da ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya shine abun da ya faru da wani ƙanina. Shine sakataren ƙungiyarsu ta tsofaffin ɗalibai, suka shirya taron karrama wasu manya, ya zauna ya tsara katin gayyata da kyau aka kai wurin masu bugawa aka bugo da yawa, a jiki an rubuta Former Director Generals. Da ya kai wa wani dattijo nasa, tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya, sai dattijon ya zaro jan biro daga aljihun gaba ya zagaye kalmar ya ce masa yaro, ka koma ka gyara wannan kafin ka kai wa sauran. Haka aka sake buga katin daga farko. Wallahi abun ya dame ni, don yaron nan mai ƙoƙari ne, kawai ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa, kuma abu ne da minti goma ya isa a koya.

Kayan da kake buƙata

Biro da takarda, don sai ka rubuta kalmar ka kalle ta da ido kafin ka gane inda ta rabu. Sai ƙamus na Turanci, in kana da Oxford Advanced Learner's na takarda a gida toh shikenan, in babu akwai shi a intanet kyauta, haka ma Merriam-Webster da Cambridge, ba ka biyan komai sai ɗan datan da ka ci wurin buɗewa. Sai kuma Hausar da ke bakinka, wannan ita ce babban makamin, zaka ga dalili a mataki na 2.

Gargaɗi tun daga nan: kar ka dogara da jan layin da kwamfuta ko waya ke ja a ƙarƙashin kalma. Ita tana duba ko an rubuta kalma daidai ne, kuma Director daidai ne, Generals ma daidai ne, saboda haka sau da yawa zata bar ka ka wuce da kuskurenka ba tare da ta ce uffan ba.

Mataki na 1: Raba kalmar gida-gida

Rubuta ta a tilo tukuna, wato yanda take idan mutum ɗaya ne, sannan ka ja layi tsakanin ɓangarorin. Attorney da General. Governor da elect. Notary da public. Court da martial. Commander da in da chief. Ko akwai karan ɗori, wato ɗan gajeren layin nan (-), a tsakani ko babu duk ɗaya ne a wannan matakin, kai dai ka raba.

Mataki na 2: Nemo wace ce uwar kalmar

Nan ne aikin yake, in ka samu wannan sauran duk sauƙi ne. A cikin ɓangarorin da ka raba, ɗaya ce ke faɗin ainihin mutumin ko abun, sauran bayani kawai suke ƙarawa a kanta. Ka tambayi kanka, shi wannan mutumin mene ne shi? Governor-elect gwamna ne ko kuwa elect ne? Gwamna ne, elect ɗin tana gaya maka ne cewa an zaɓe shi amma bai sha rantsuwa ba tukuna. Notary public kuma notary ne, wato jami'in da ke tabbatar da sahihancin takardu da sa hannu, public tana nuna cewa aikinsa na jama'a ne. Court martial kotu ce, martial tana nufin ta soja. Attorney General lauya ne, general a nan ma'anarta na gaba ɗaya, wanda aikinsa ya game ko'ina.

Abun da ke rikita mutane shine an koya mana tun firamare cewa a Turanci sifa gaba take zuwa sannan suna ya biyo, kamar big house ko tall man, shi ya sa hannu ya saba kai s ƙarshe. Amma waɗannan kalmomin a juye suke, suna ne a gaba sifa na biye, yawancinsu sun samo tsarin ne daga Faransanci ta hanyar harshen kotu da na mulki a Ingila, kuma haka suka zauna har yau.

Toh ga dabarar da nake koya wa ɗalibaina, ka mayar da kalmar Hausa ka yi mata jam'i da bakinka ka ji wace kalma ce ta motsa. Shugaban ƙasa, in sun yi yawa me muke cewa? Shugabannin ƙasa. Sarkin fawa, sarakunan fawa. Gwamna mai jiran gado, gwamnoni masu jiran gado. Kotun soja, kotunan soja. Kaga mu a Hausa kullum haka muke yi, kalmar farko ce ke ɗaukar jam'i kuma ba Bahaushen da zai yi tuntuɓe a nan ko yaro ne. Abun da kunnenka ya riga ya sani ne zaka ɗauka ka kai Turanci, head of state ya zama heads of state, court martial ta zama courts martial, governor-elect ya zama governors-elect.

Gargaɗi: kar ka yi gwajin da kalmomin aro irin su Antoni Janar, Akanta Janar, Odita Janar, Sufeto Janar. Waɗannan mun haɗiye su ne dunƙule yanda suka zo, ba zasu nuna maka komai ba. Ka fassara ma'anar, ka ce babban lauyan gwamnati, babban akanta, babban mai binciken kuɗi, a nan zaka ga cewa lauya da akanta su ne mutanen.

Mataki na 3: Yi wa uwar kalmar jam'i, ka bar sauran yanda suke

Da ka gano ta sai ka yi mata jam'inta na yau da kullum kamar ita kaɗai ce a wurin, sannan ka mayar da sauran ɓangarorin ba tare da ka taɓa su ba.

Attorney General, Attorneys General
Director-General, Directors-General
Accountant-General, Accountants-General
Auditor-General, Auditors-General
Solicitor-General, Solicitors-General
Consul General, Consuls General
Secretary-General, Secretaries-General
Notary public, notaries public
Poet laureate, poets laureate
Heir apparent, heirs apparent

Ka lura da harafin y, nan ma ana faɗuwa. Secretary da notary y ɗinsu na biye da baƙi ne, saboda haka ta koma ies. Attorney kuwa akwai wasalin e kafin y, don haka s kawai ake ƙarawa, attorneys, kar ka rubuta attornies. Na sha ganin wanda ya gane inda jam'in yake daidai amma ya zo ya ɓata a nan.

Misali na kusa, kowace jiha cikin jihohi 36 na Najeriya tana da nata Attorney-General wanda kuma shine kwamishinan shari'a, sashe na 195 na kundin tsarin mulkin 1999 ne ya tanadi haka, na tarayya kuma sashe na 150. In suka haɗu a taro kana rubuta rahoto, the Attorneys-General of the 36 states zaka rubuta. Haka in kana maganar 'yan Afirka biyu da suka riƙe Majalisar Ɗinkin Duniya, Boutros Boutros-Ghali na Masar daga 1992 zuwa 1996 da Kofi Annan na Ghana daga 1997 zuwa 2006, two African Secretaries-General kenan. Ko darasin tarihi, Lugard da ya riƙe muƙamin daga 1914 da Azikiwe da ya riƙe daga 1960 zuwa 1963, dukkansu Governors-General ne.

Gargaɗi babba, kuma wannan namu ne mu Hausawa: Hausar da ta taimake ka a mataki na 2 tana iya yaudararka a nan. Mu sifarmu tana bin suna ta canza tare da shi, babban lauya manyan lauyoyi, ƙaramin yaro ƙananan yara, mai jiran gado masu jiran gado, duka biyun sun motsa. Turanci ba ya haka, sifarsu ba ta da jam'i sam. Shi ya sa zaka ga mutum ya rubuta Attorneys Generals ko Directors Generals, ya sa s a ko'ina wai don ya tsira ta kowane ɓangare, alhali wannan shine ma wanda ba ƙamus ɗin da ya yarda da shi. Harafin s ɗaya tak.

Mataki na 4: Tsaya ka duba, wane general ne wannan?

Wannan matakin zan ɗan daɗe a kansa don shine ramin da har waɗanda suka iya suke faɗawa. Mutum ya koyi Attorneys General yana murna, sai ya je ya rubuta Majors General, kuma kuskure ne.

Kalmar general fuska biyu gare ta. A Attorney General da Director-General sifa ce kamar yanda muka gani. Amma a muƙaman soja suna ce, janar ne ainihin mutumin, kalmar da ke gabanta ce ke nuna wane mataki na janar yake. Manjo Janar ba manjo bane, ya wuce manjo nesa ba kusa ba, janar ne. Birgediya Janar janar ne. Laftanar Janar ma janar ne, ba laftanan bane. Tunda janar ce uwar kalmar, ita ke ɗaukar jam'i:

Major General, Major Generals
Brigadier General, Brigadier Generals
Lieutenant General, Lieutenant Generals

Haka Lieutenant Colonel ya zama Lieutenant Colonels, Lance Corporal ya zama Lance Corporals, duk a ƙarshe.

Gwajin da zaka yi mai sauƙi ne, ka cire kalmar farko ka ga ko zaka iya kiran mutumin Janar kawai. Muhammadu Buhari da muƙamin Manjo Janar ya bar soja, kuma kowa Janar Buhari yake cewa, ba wanda ya ji wani baƙon abu. Yanzu gwada da Akanta Janar na jiharku, zaka shiga ofishinsa ka ce ranka ya daɗe Janar? Ba zai yiwu ba, shi akanta ne. In kiran Janar ya zauna, s ta tafi ƙarshe. In bai zauna ba, ta dawo kalmar farko.

Gargaɗi: kaki ba shine ma'auni ba. Mutane na ganin duk wanda ya sa kayan sarki yana sara wa ana sara masa to nasa irin na soja ne, ba haka bane. Sufeto Janar na 'yan sanda sufeto ne na gaba ɗaya, don haka Inspectors-General, mataimakansa kuma Deputy Inspectors-General da Assistant Inspectors-General, ka ga a nan s ɗin ma a tsakiyar kalmomi uku ta faɗa, don deputy da assistant bayani ne, general ma bayani ne, inspector ne mutumin. Shugaban kwastam da na shige da fice Comptrollers-General, na Sibil Difens Commandants-General. Duk suna sa kaki amma ba janar-janar bane.

Ko a cikin sojan ma akwai wanda ke bin tsarin farko. General Officer Commanding, wato kwamandan runduna, officer ne mutumin, general na gabansa commanding na bayansa, jam'insa General Officers Commanding. Sergeant major kuma, wanda muke ce wa samanja, shi ƙamus na kawo duka biyun, sergeants major da sergeant majors, duk wanda ka ɗauka ba a ce ka yi laifi ba.

Wani ƙaramin gargaɗi a kan court martial. Idan suna ce, kotunan soja, courts martial. Amma ana amfani da ita a matsayin aikatau, wato gurfanar da soja a gaban kotun, a nan kalmar dunƙule take kuma ƙari a ƙarshe yake zuwa, he was court-martialled. Kar ka je ka taɓa court a wannan.

Mataki na 5: Su elect da designate da 'yan uwansu

Waɗannan lokacin zaɓe suke yawa, daga ranar da INEC ta bayyana sakamako har zuwa rantsuwar 29 ga Mayu zaka yi ta ganinsu a jarida. Ba wata wahala, elect ba ta motsi. Presidents-elect, governors-elect, senators-elect, members-elect, chairmen-elect. Sanatoci 109 da 'yan majalisar wakilai 360 kafin a ƙaddamar da majalisa, 109 senators-elect and 360 members-elect. Ka lura da chairman, jam'inta chairmen ne ko da elect ko babu.

Designate na wanda aka naɗa bai kama aiki ba, ambassadors-designate, ministers-designate. Masu lissafin kuɗi kuma sun san accounts payable da accounts receivable, wato bashin da ake bin kamfani da wanda kamfani ke bi, tsari ɗaya ne.

Gargaɗi: emeritus ta ɗan fita daban don Latin ce. Professor emeritus in sun yi yawa zaka ga professors emeriti, zaka kuma ga professors emeritus. Wanda ba a yi shine professor emerituses. In abun ya dame ka juya shi ka ce emeritus professors, ka huta.

Mataki na 6: Masu ƙaramar kalma a tsakiya ko a ƙarshe

Su ba sifa ce ke bin su ba amma dokar ɗaya ce, kuma a jarabawa tare ake kawo su. Duk inda ka ga in ko of ko for ko de a tsakiya, kalmar da ke gabanta ce uwa.

Commander-in-chief, commanders-in-chief. Editor-in-chief, editors-in-chief. Chief of staff, chiefs of staff. Commissioner of Police, Commissioners of Police. Commissioner for Oaths, Commissioners for Oaths. Senior Advocate of Nigeria, Senior Advocates of Nigeria. Aide-de-camp, wato dogarin shugaba, aides-de-camp. Surukai kuma mothers-in-law, fathers-in-law, brothers-in-law, sisters-in-law, sons-in-law. Mai mata biyu da iyayensu mata ke raye two mothers-in-law gare shi.

Gargaɗi: in ka cire kalmar farko ka bar in-law ita kaɗai, s ƙarshe take komawa, my in-laws, surukaina. Ba saɓani bane, babu wata uwar kalma ce a gaba da zata ɗauka.

Sai masu er a jiki, passer-by mai wucewa, passers-by. Runner-up wanda ya zo na biyu a gasa, runners-up, masu shirya gasar ƙwallo ta unguwa da musabaƙa ku riƙe wannan don a takardar shaida ake yawan ganin runner-ups. Hanger-on ɗan kanzagi, hangers-on. A nan passer da runner da hanger mutane ne shi ya sa.

Amma fa in ka raba kalmar ka duba baka ga suna a gaba ba, aikatau ne kawai da ƙaramar kalma, toh kar ka wahalar da kanka, s ƙarshe. Check-ups, grown-ups, break-ins, take-offs, go-betweens. Haka masu ful na awo, spoonfuls, handfuls, cupfuls, sun riga sun zama kalma ɗaya. Mai rubuta yanda ake girki da Turanci, two spoonfuls of sugar zaki rubuta 'yar'uwa.

Mataki na 7: Idan mallaka ce ba jam'i ba

Nan wasu ke ruɗewa bayan sun koyi duk na sama. Jam'i daban mallaka daban. Alamar mallaka, wato ɗan waƙafin nan na sama da s, kullum a ƙarshen kalmar gaba ɗaya take zama ko da uwar kalmar na gaba. Ofishin Antoni Janar, the Attorney General's office. Gidan surukata, my mother-in-law's house. Jawabin gwamna mai jiran gado, the governor-elect's speech.

Toh idan jam'i ne kuma mallaka fa? Sai ka yi duka biyun kowanne a wurinsa, jam'i a uwar kalma mallaka a ƙarshe, my brothers-in-law's farm, the attorneys general's meeting. Daidai ne a nahawu amma gaskiya yana da nauyi a baki, ni shawarata ka kauce masa ka yi amfani da of, the meeting of the attorneys general, ya fi daɗin karantawa kuma ba wanda zai tsaya yana tunanin ko ka yi kuskure.

Gargaɗi: mother-in-law's da mothers-in-law a kunne suna kama da juna in ana magana da sauri, a rubuce kuwa ma'anarsu ta sha bamban, na farko abun suruka ɗaya ne, na biyu surukai ne da yawa. Kafin ka sa alamar ka tambayi kanka, ƙirga su nake yi ko kuwa wani abu nasu nake nufi.

Mataki na 8: Taƙaitattun sunaye, karan ɗori da manyan baƙaƙe

In aka taƙaita muƙamin zuwa haruffa, ya zama kalma ɗaya, ƙaramar s a ƙarshe kawai. DG ya zama DGs, AIG ya zama AIGs, haka DIGs, GOCs, CPs, SANs, ADCs. Wato zaka rubuta Assistant Inspectors-General a cike amma AIGs a taƙaice, kuma duka daidai ne.

Gargaɗi: kar ka sa waƙafin sama a jam'in. DG's na nufin abun DG ne, kamar the DG's car, motar DG. In kana nufin su da yawa DGs ne ba komai a tsakani.

Karan ɗori kuma ba ya canza inda jam'i yake. Takardun gwamnatin Najeriya, har da kundin tsarin mulki, suna rubuta Attorney-General da karan ɗori, Amurkawa kuma suna rubutawa ba shi. Ka bi na wurin da kake rubutawa, in wasiƙar ofis ce ka duba yanda aka rubuta a kan takardar ofishin nasu ka bi, kuma in ka fara da ɗaya ka tafi da shi har ƙarshe. Masu elect da in-law da in-chief dai ka sa musu karan ɗori. Babban baƙi kuma in muƙamin wani takamaiman ofishi ne ko yana gaban suna ka sa, in magana ce ta gaba ɗaya ƙarami ya wadatar.

Mataki na 9: Karanta jimlar gaba ɗaya

Bayan ka gyara kalmar kar ka tashi, duba aikatau ɗin da ke biye. Tunda kalmar ta ƙare da general ko elect ba s a ƙarshe, ido na ɗaukarta tilo sai hannu ya rubuta is ko has ko was. The governors-elect are, the Directors-General have, the courts martial were. Uwar kalmar ce ke jan aikatau.

Sai jimlar da ta fara da one of. Ɗaya daga cikin abu ai sai abun na da yawa, saboda haka kalmar jam'i ce amma aikatau tilo, one of the senators-elect is from Katsina. Masu shirya tambayoyin jarabawa na son wannan sosai don tarko biyu ne a jimla ɗaya.

Mataki na 10: Buɗe ƙamus, sannan ka zaɓa

In har yanzu zuciyarka ba ta kwanta ba, rubuta kalmar a tilo a ƙamus, kusa da ita zaka ga an rubuta plural ko pl. sannan jam'in. Wani lokaci zaka tarar da guda biyu, kuma ya kamata in faɗi wannan don kar wani ya je ya yi musu da jahilci. Oxford da Merriam-Webster duk sun kawo attorneys general sannan suka kawo attorney generals, haka Merriam-Webster ya kawo notary publics da poet laureates da court-martials a matsayin na biyu. Dalili kuwa Turawan da kansu a maganar baka da yawa suna kai s ƙarshe, ƙamus kuma yana rubuta abun da mutane ke faɗa ne.

Toh wanne zaka ɗauka? Ra'ayina a fili yake. A jarabawa, a wasiƙar neman aiki, a katin gayyata, a rahoton jarida, a takardar kotu, ɗauki na farko, wanda jam'in ke kan uwar kalma, shi malamai ke nema kuma shi manyan ma'aikata suka sani, ba wanda zai zagaye maka shi da jan biro. In kuma hira ce ka ji wani ya ce attorney generals, ka ƙyale shi, ba sai ka tsinka shi a gaban mutane ba tunda yana da madogara. Wanda ba shi da madogara ko kaɗan shine mai s biyu, Majors General ma ka kauce masa.

Gargaɗi na ƙarshe ga masu kai aiki wurin bugawa, kati ne ko bana ko kalanda ko allon karramawa: ka nemi su nuna maka a fuskar kwamfuta ko su fitar maka da kwafi ɗaya kafin a buga duka, ka karanta muƙaman ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Wani lokaci kai ka rubuta daidai, yaron da ke kan kwamfutar ne zai ga Directors-General ya ɗauka kuskure ne ya mayar maka da s ƙarshe da kyakkyawar niyya, kuma in an riga an buga kuɗin sake bugawa daga aljihunka zai fita.

Ga jimla ɗaya mu gwada tare, irin wadda ake samu a takardar gayyata: The Director Generals, two retired Majors General, all Commissioner of Polices and the senator-elects is invited. Bi ta da matakan. Director ne mutumin, Directors-General. Major General janar ne, Major Generals. Commissioner na gaban of, Commissioners of Police. Elect ba ta motsi, senators-elect. Aikatau kuma are. Sai ta koma The Directors-General, two retired Major Generals, all Commissioners of Police and the senators-elect are invited. Yanzu kai ma ɗauki biro ka gwada da waɗannan biyar ɗin, Surveyor-General, Postmaster-General, Lieutenant General, daughter-in-law, da Head of Service, ka fara mayar da kowacce Hausa tukuna kafin ka sa s ɗin.